Ranar da Yaran Baba Dogo Suka Ci

"Ki ajiye min talabijin ɗina, na ce!"

'Yar Baba Dogo ko waiwaye ba ta yi ba. Ta rungumi talabijin ɗin ta nufi matakala, wayarsa na jan ƙasa a bayanta. Shi kuma yana tsaye a bakin ɗakinsa da singileti, hannu ɗaya ya dafe ƙyaure, ɗayan yana murza ƙirji.

"Baba, likita ya ce zuciyarka ba za ta ɗauki wani tashin hankali ba. Su yaran naka ma, sun san da zamanka?"

"Sun sani mana. Ni kaɗai na rage musu."

Ina tsaye a ƙofata da almakashi a hannu, ina yi kamar iska na fito sha. Da ta zo daidai ni ta tsaya, ta rage murya.

"Anti, bango ɗaya ne tsakaninku. Don Allah ki sa min kunne. Ko tarinsa kika ji ya canza, ki kira ni."

Na ce mata to.

Dogo dai suna ne na tsokana, don da ƙyar kansa ya kai kafaɗata. A ƙuruciyarsa shi ke tuƙa motar ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinmu, ya ɗora matashi a kujera kafin ya hango titi, zaƙaƙuran samari masu tsawon falwaya suna bayansa suna waƙa. Ya daɗe da ajiye aiki, 'yan wasan da ya sani duk sun yi furfura, amma duk wanda ya sa rigar nan shuɗiya ɗansa ne. Bana kuwa yaran sun ga ta kansu. An sayar da gwaninsu, an kori koci, wanda aka kawo ya gudu da ƙafarsa. 'Yan kallo suka watse, har ana cewa rufin filin wasan yoyo yake yi ba mai gyarawa.

Ni ban san komai a ƙwallo ba, amma kekena na ɗinki jikin bangonsa yake, don haka ba a taɓa wasa ban san sakamako ba. In sun ci, ihu zai yi, ya fito yana buga ƙofofi yana raba wa yara alewa. In an cinye su, sai ya cire takalmi ya maka wa bango, dim, ya kulle ƙofa, ba mai sake jin motsinsa sai gari ya waye. Matar kafinta, maƙwabciyarmu, ta taɓa ƙwanƙwasa masa da sunan jaje, tana ƙunshe dariya. Ya daɗe bai amsa gaisuwarta ba. Tun daga nan gidan ya yi doka: in takalmi ya daki bango, a bar tsoho ya huce.

Ɗauke talabijin bai hana komai ba. Ta inda yake jin wasan ba mu sani ba, ba mu kuma tambaya ba, amma duk ranar wasa takalmi na dukan bango. Ƙafafunsa suka kumbura. Ya koma hutawa a tsakiyar matakala, yana cewa kallon gari yake, alhali babu taga a wurin. Laɓɓansa suka yi duhu, abin ya riƙa tsorata ni.

Rannan na same shi a nan zaune, na ce, "Baba, ka haƙura da mutanen nan mana. Kashe ka za su yi."

"Tela ke nan. Ɗanki in ya faɗi jarrabawa, canza shi kike yi?" Ya ja numfashi da ƙyar. "Sau ɗaya kawai nake so in ji sun ci. Daga nan sai in huta."

Ban so wannan hutun da ya ambata ba.

Wasan ƙarshe na kakar ya faɗo ranar Asabar da yamma. Hadari ya haɗu tun rana ya ƙi zubarwa, ɗakin ya yi zafi, ina ta fama da kayan 'yan makaranta. Can sai na ji dim. Ƙarar ta fi ta kullum nauyi, kuma daga ƙasa-ƙasa ta zo, har zaren da ke kan teburina ya gangaro. Na ɗauke ƙafa daga keke. Na ji kamar ana karce siminti, kaɗan, sannan shiru.

Matar kafinta ta leƙo. "An sake?"

"An sake."

"Allah sarki. Kai, yara! Ku sauka ƙasa da wasanku, Baba na fushi."

Na ɗauki waya, na duba lambar 'yarsa, na ajiye. In ce mata me? An cinye su kamar kullum? Sabo turken wawa. Gidan gaba ɗaya ya yi tsit don girmama shi, ni ma na riƙa taka keken a hankali kada in dame shi.

Rana ta kusa faɗuwa muka fara jin hon na motoci daga babban titi. Sai ga mai shagon ƙasa ya hawo da gudu, yana haki yana dariya.

"Ina Dogo? Ina ta jiran ya sauko ya cika mu da baki! Yaransa sun ci! Jifar ƙarshe, ana busa usur tana faɗawa raga!"

Ya bi fuskokinmu da kallo. Dariyar ta bushe a fuskarsa.

"Ba ku ji ihunsa ba?"

Kafinta ne ya ɓalle ƙofar da guduma. Baba Dogo na kwance a tsakanin gado da bango, cikin rigarsa shuɗiya, takalmansa duka biyu a ƙafarsa. Hannunsa na miƙe wajen ƙofa. Ma'aikaciyar asibitin da ke gidan gaba ta zo ta taɓa wuyansa, ta tambaye mu tun yaushe ya faɗi. Da muka faɗa mata ta rufe ido. Jikinsa bai gama sanyi ba.

Ni na kira 'yarsa. Ta iso fitilun titi sun kama, ba ta yi min faɗa ba, ba ta ma dube ni ba, da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta durƙusa ta juyo da kansa, sai ga wata siririyar waya ta fito daga kunnensa ta shige aljihun rigar, inda wata 'yar rediyo take. Ta zare abin sauraron daga kunnensa a hankali. Wata ƙaramar murya na fita daga ciki kamar kukan sauro, mutane na ta bugo waya gidan rediyo suna murna.

Ta zauna a bakin gadon, ta goge shi da gefen mayafinta, ta sa a kunnenta.