Tagar Ɗakin Yara

Tun da aka kawo ni gidan nan a ƙauyen At-Bashi ban taɓa yin hunturu a ɗakina ba. Da ƙanƙara ta fara sauka sai mu tattara katifu mu koma ɗakin murhu: ni, da mijina Toktosun, da yaranmu uku, da surukina, wanda kowa a gidan ke kira Ata. Sauran ɗakunan sai a rufe su har sanyi ya wuce, don ko ruwa ka manta a ciki, da safe dutse za ka tarar. Haka za ka kwana kana shaƙar numfashin wani, ƙafar wani a haƙarƙarinka. Ni dai na gaji, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Shi ya sa da gwamnati ta fito da tallafin gyaran gidaje don su riƙa riƙe ɗumi, ni na fara isa ofishin ƙauye, mai shara ma ba ta gama ba. Gwamnati ta ɗauki kaso mai tsoka, mu muka sayar da 'yan tumaki muka cika. Da kaka ma'aikata suka zo. Suka lulluɓe bango da wani abu mai kauri kamar ulu, suka shimfiɗa shi a ƙarƙashin rufi, suka sa tagogi masu gilashi biyu, suka ja bututun ruwan zafi daga murhu zuwa kowane ɗaki.

Ata ya fi kowa cika baki. A ƙofar masallaci, bayan Juma'a, ya shaida wa tsofaffi cewa bana zai yi barci irin na mutane, ba jika mai shure-shure, ba mai tashinsa rakiyar bayan gida. Kafin la'asar labarin ya zagaya ƙauye. Ni kuma na kafa doka: kowa ɗakinsa, kada wanda ya dami tsoho bayan isha.

Makon farko daɗi kamar me. Na yi yawo a gida ba safa. Toktosun ya daina yi wa buhun kwal kallon tausayi. Na rufe ƙofar ɗakina na juya hagu na juya dama ban taka kowa ba.

Sai ga babbar 'yata Nurzat wata rana da magariba, da bargo a kafaɗa, ƙannenta biyu a bayanta, wai ɗakinsu ba ya shiguwa. Na je na duba. Bututu da zafinsa, taga a rufe, amma ina numfashi ina ganin tururin bakina, katifu kuwa kamar an tsamo su daga kogi. Ba yadda na iya, na tura su wajen Ata. Ya karɓe su yana mita. Washegari ma haka, jibi ma haka.

Na kira Jirgal, shugaban ma'aikatan, na wanke shi tas a waya. Bawan Allah ya zo da kansa, ya shafa bango, ya hau rufi, ya rantse ya kuma rantsewa cewa aikinsu ba ƙwange. Daga ƙarshe ya ce in abin bai daina ba, ranar Litinin za su fasa bangon su gani. Toktosun ya ce watakila aljanu ne. Na ce masa aljanin da ya bar ɗakin mai munshari irinsa ya je ya takura wa yara ba shi da hankali.

Ranar Asabar yara suka tafi makaranta, ni na fita ɗinkin dardumar ulu a maƙwabta. Ina zama na tuna na bar zare, na dawo. Daga tsakar gida na hango tagar ɗakin yara a wangale. Na matsa a hankali na leƙa. Ga Ata zaune a bakin gadon auta, da hular gashi da babbar rigar sanyi, hannuwa a hammata, iska na kaɗa gemunsa. Jira yake ɗakin ya yi sanyi sosai ya rufe tagar kafin yara su dawo.

Haushi ne ya fara zuwa mini, don na zagi ɗan mutane a banza. Amma haushin bai daɗe ba. Tsoho mai ciwon gwiwa ne zaune cikin wannan sanyi da gangan. Tun rasuwar surukata, da rani yana can kan dutse wajen kiwo cikin jama'a, da hunturu kuwa yaran nan ne abokan hirarsa. Ni ina murnar samun ɗaki, ban lura na bar shi daga shi sai murhu ba. Tausayi ya kama ni har idona ya ciko. Ga shi ya riga ya yi baki a masallaci, ba zai iya roƙo ba. A al'adarmu kuma matar ɗa ba ta kama surukinta da laifi. Na koma maƙwabta ba zare, na ce ban gan shi ba.

Da yamma ina zuba masa shayi na sunkuyar da kai.

"Ata, ɗakin yaran nan ya gagara. Ko za ku yi haƙuri su zauna wajenku har sanyi ya wuce? Na san suna damunku."

Ya hura shayin, ya ɓata rai yadda ya kamata.

"Damu kai, 'yata? Ai wannan ƙaramin a barci ɗan jaki ne. To ya zan yi, jinina ne. Su zo." Ya kurɓa, ya ƙara da cewa, "Ki kuma gaya wa yaron nan Jirgal kada ya fasa mini bango. Aikin gwamnati dama sai haƙuri."

Toktosun ya gyaɗa kai, wai shi ma tun farko bai yarda da ma'aikatan ba. Na cusa burodi a baki don kada dariya ta tona ni. Jirgal kuwa na aika masa da man shanu da ban-haƙuri, bai fahimci komai ba amma ya karɓa.

Da safe na shiga ɗakin yaran in kwashe sauran kayansu, sai na ga mariƙin tagar yana lilo, kusoshinsa duk sun sassauta. Na ɗauko sukundireba zan ɗaure. Nurzat ta shigo neman littafinta, ta tsaya tana kallona, sannan ta tura ƙofa.

"Apa, bar shi haka. Ni da Ermek muka kwance shi."

Apa suke kirana, wato Mama. Ermek kuwa shi ne mai bi mata. Na tambaye ta dalili, ta rage murya.

"Ranar da aka tashe mu daga makaranta da wuri mun hango Ata yana kokawa da shi. Mariƙin ya yi masa tauri, hannunsa ciwo yake."

Na ajiye sukundirebar a kan gado.