Kibiyar Wutar Gajere

A Garin Barmo, can gefen Belbeji, harbin farko na Gajere ne. Duk ranar da aka yi babban baƙo ko aka ga watan Salla, in 'yan bindiga suka jeru a bakin gari, shi zai fara tashin tasa kafin kowa, kamar yadda ubansa ya yi. Ba a ba shi ko goro a kan haka, amma ya ɗauki abin nan kamar ransa.

Wanda ya ɓata masa shi kuwa Yahuza ne, ɗan gwaggonsa, wato taubashinsa. Kowa ya san yadda taubasai suke. Zagi ya halatta, ƙwace ya halatta, kuma duk wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. Ranar da sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankin, ya zo daga Tanut buɗe sabuwar rijiya, shekaru kaɗan bayan babban farin nan, Yahuza ya faki ido ya juye albarushin da ke cikin ƙahon Gajere, ya cika shi da dakakken gawayi da garin kuka. Gajere ya ɗura bindiga, ya tako gaba yana ƙasaita, ya ɗaga ta sama. Gari ya yi tsit. Ya ja kunama, bindiga ta ce fus, ta saki ɗan hayaƙi mai warin miya.

Gardawan sufurefe, wato masu tsaronsa, su ne suka fara dariya, sannan mata, sannan gari duka. Kafin la'asar yara sun raɗa masa Mai Tusa, kafin mako ya zagayo an mayar da harbin farko hannun Dado, wanda gemunsa ma bai gama fitowa ba.

Gajere ya je wurin Maigari ya durƙusa.

"Wa ya yi maka?" in ji Maigari.

"Yahuza ne, ranka ya daɗe."

"To, ƙarar taubashi ka kawo mini? Wasa ne. Tashi, Gajere, kar a ji ka."

Ya tashi, amma bai haƙura ba. Wasa ke nan, a tuɓe wa mutum gadon ubansa a gaban baƙi? Abin da ya fi ci masa rai shi ne Yahuza bai daina ba. Ko a masallaci suka haɗu sai ya matsa gefe ya toshe hanci. Dole Gajere ya yi dariya tare da jama'a, haƙoransa a waje. Abu ɗaya yake so a duniya: Yahuza ya sha irin wannan kunyar a gaban mutane, ya kai ƙara, a ce masa ya tashi wasa ne.

Lokacin farin nan Gajere ya taɓa yin gadi a Tanut, a gidan wani Bature mai haƙar rijiyoyi. Ranar Lahadi Baturen yakan fita bayan gari da wani abin wasa mai kama da kibiya, ya kunna masa wuta ya tashi sama yana ƙara. Roka ake ce masa. Gajere ya tuna yadda jakunan masu itace suke watsewa in ya tashi, ya kuma tuna farin raƙumin da Yahuza ya saya wurin Buzaye, wanda yake ji da shi fiye da 'ya'yansa.

Ranar kasuwar Belbeji ya roƙi wani tela bututun kwalin da ake naɗe yadi a kai. Ya yi masa kai da wuyan duma, ya liƙe da ƙaro. Albarushi kuwa sana'ar gidansu ce. Rokarsa ta farko ya yi mata fukafukai da gwangwani, ya kai ta bayan tudu ya kunna. Ta tashi kamar abin kirki, ta yi juyi biyu, ta dawo ta bi shi a guje har ya faɗa cikin ƙarangiya. Matarsa Kulu ce ta zauna cire masa ƙaya.

"Malam, duk wannan don Yahuza?"

"Cire ki yi shiru."

"Na yi shiru. Juyo ɗaya gefen."

Yana kwance rub da ciki ya tuna cewa ta Baturen ba ta da fukafukai sam. Gajerun bututu ne guda shida kewaye da gindinta, iska na bi ta cikinsu. Ya yanka ragowar kwalin gunduwa-gunduwa, ya jera su a gindin sabuwa, ya liƙe, ya ɗaure da tsirkiya. Ya kafa siririn ƙarfe a ƙasa, ya zura shi ta cikin bututu ɗaya don ta bi shi ta miƙe. Wannan karon ta tafi sak, da wata ƙara mai shiga haƙori, har sai da ya ɗaga kai hularsa ta faɗi. Ya daɗe bai ji daɗi irin na ranar ba. Ya koma gida ya ƙera ta uku, ya ɓoye ta a rufin ɗaki yana jiran rana.

Ranar ta zo da ƙanen Maigari ya dawo daga Makka. Gari duka ya fita tarye, kuma Yahuza aka sa ya ja gaban masu raƙuma. Ya sha rawani baƙi mai sheƙi, ya ɗare farin raƙuminsa yana kallon mutane ta saman hanci. A gefen hanya mata sun yi layi suna guɗa, cikinsu har da surukar Yahuza da 'ya'yansa 'yan mata biyu. Gajere, da yanzu shi ne na ƙarshe a layin 'yan bindiga, ya zame ya koma bayan wata sabara inda ya riga ya kafa ƙarfensa. Ya bari sai da raƙumin ya zo daidai wurin matan, sannan ya kai garwashi.

Kibiyar ta tashi ta gaban hancin raƙumin tana kururuwa. Raƙumi ya yi tsalle irin wanda ba a san raƙuma da shi ba, ya watsar da mai shi. Da ƙasa Yahuza ya faɗo kai tsaye, da abin ya zo da sauƙi. Mazagin wandonsa ne ya maƙale a ƙahon sirdi, ya yi lilo kai ƙasa, riga ta rufe masa fuska, sannan mazagin ya tsinke. Raƙumi ya yi daji da wando, ya bar Yahuza a kan rairayi yadda uwarsa ta haife shi daga cibiya zuwa ƙasa.

Dariya ta ɓarke. Gajere ya fito daga bayan sabara yana riƙe ciki, hawaye na zubo masa don daɗi. Ya ga surukar ta juya baya ta ja mayafi ta rufe fuska, ya ga 'yan matan sun ruga gida suna kuka, bai ji komai ba sai sanyi a ransa.

"Wasa ne, jama'a," ya ce da ƙarfi, don Maigari ya ji. "Ni da taubashina ne."

Maigari ya dube shi ya ce, "Wasa ne." Ba shi da abin cewa da ya wuce haka, shi ya kafa hukuncin da bakinsa.

Yahuza bai kai ƙara ba. Gajere ya san ramuwa na tafe, ya shirya mata da murna. Yakan zazzage takalminsa kafin ya sa, ya shinshina fura kafin ya sha, ya kwana da ƙahon albarushi a ƙarƙashin kai. Aka gama girbi, aka saki dabbobi cikin gonaki, bai ga komai ba. Surukar Yahuza ta daina shiga gidansa, shi kuma ya daina zama a dandali.

Wata safiya suka yi kaciɓis a hanyar rijiya, ba kowa sai su biyu. Gajere ya gyara tsayuwa, ya tanadi zaginsa a baki.

"Ina wandon, bawan gidanmu?"

Yahuza ya sauka daga kan hanya ya ba shi wuri, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba.

"Ina kwana, Malam Idrisa. An tashi lafiya? Ina iyali?"

Idrisa shi ne sunan da aka raɗa wa Gajere ranar suna, kuma Yahuza bai taɓa furta shi ba tun da suka iya magana. Gajere ya tsaya yana jiran dariyar da za ta biyo baya. Yahuza ya jira amsa cikin ladabi, da bai samu ba ya ce, "A gaida gida," ya wuce da gugarsa.