Dutsen Korar Tsuntsaye

"Kalli sama, Malama. Yanzu kalli hagu."

Malama Hamida ta juya ƙwayar idon yadda likitan ya ce, hasken 'yar tocilarsa na sukarta har tsakiyar kai. Ɗinki huɗu aka yi mata a gira jiya a Argungu. Da idon ya kwana a kumbure, 'yarta Mubina ta matsa lallai sai ta zo Birnin Kebbi an duba shi.

"Idon bai taɓu ba," in ji likitan. "Amma da dutsen ya ɗan sauko, da wata maganar muke yi. Wa ya jefe ki?"

"Ɗan ajina."

"Shekararsa nawa?"

"Tara, ko goma."

Likitan ya ɗaga kai ya dube ta, ya girgiza kai, ya rubuta mata maganin ɗigawa.

A bakin ƙofar asibiti Mubina ta tsaya da goyo a baya, tana fifita da gefen mayafi. Tun hantsi ranar ta fara gasa mutane.

"Inna, shekara ashirin da bakwai kina haɗiyar alli. Mi kike jira, sai sun hidda miki ido? Ki aje aikin ga, ki dawo Gwadangaji ki zamna tare da mu."

"Na ji."

"Kullum haka kike cewa."

"To yau ma na ji. Tsaida min keke, hedimasta na jirana."

A tasha ta samu ƙaramar mota mai zuwa Argungu, saura mutum ɗaya. Aka matse ta jikin ƙofa a baya. Ba su wuce gari ba wani ɗan kasuwar albasa da ke kusa da ita ya ga filastar da ke girarta, ya yi mata sannu, ya tambayi abin da ya faru. Ta faɗa a taƙaice, nan take ta yi nadamar faɗa.

"Waya ta ɓata yaran yanzu!" in ji ɗan kasuwar. "Ɗa bai iya wanke hancinai ba, ya iya kallon finafinan harbe-harbe."

Wata mata a ɗaya gefen ta ce laifin iyaye ne, a haifa a watsa wa titi. Direban ya leƙo ta madubi.

"Duk ba shi ba. Duka anka hana. Mu lokacinmu, in malami yab biyo hanyar ga, sai ka bi waccan. Bulala ita ag gyara."

Malama Hamida ta jingina kai da gilashi, ta bar su da gardamarsu. Ita dai babu wanda ya hana ta duka. Kowace Litinin sai an karyo mata sabuwar tsumagiyar dogonyaro, kafin Alhamis ta ragargaje. Yara casa'in da huɗu ne a ajinta na huɗu, benci goma sha ɗaya, sauran a ƙasa. Muryarta ta daɗe da daina kaiwa layin baya, tsumagiyar ce ke kaiwa.

A layin bayan yaron yake zama, jikin bango. Mai Barci take kiransa, 'yan aji ma haka. Jiya tana tsakiyar darasin lissafi ta hango shi ya kifa kai a gwiwa. Ta ratsa ta cikin yara ta zuba masa ɗaya a gadon baya. Ya zabura yana ihu, "Haa! Haa!" yana kaɗa hannu sama, ajin ya kwashe da dariya. Dariyar ce ta ba ta haushi, ta ƙara masa biyu a wuya. Sai ya yi shiru. Ya dube ta da jajayen idanu, ya sa hannu a aljihu. Ba cikin magagi ya yi ba, ta tabbata, domin ta ga ya auna. Daga nan sai jini a kan littafin da ke hannunta, da ƙarar ƙafafun yara suna rububin fita ta taga.

Ana kiran azahar ta isa makaranta. An tashi yara, sai Malam Dikko hedimasta a ofis, ya cire hula ya ɗora a kan tebur, gumi na bin sanƙonsa. Ya yi mata sannu sau uku, sannan ya turo mata takarda.

"Ki sa hannu nan, gobe in kai ofishin ilimi. Kora za a yi, kowa ya gani. Wannan na ukku ke nan cikin zangon ga. An yanka kujerar mashin ɗin Malam Faruk da reza, yarinya 'yar aji ukku ta ciji Malama Sakinatu har sai da anka yi mata allura. In munka yi shiru, wata rana gawa za a hidda daga aji."

Ta kusanto da takardar ga idonta mai lafiya. Izzuddin Atiku. Ta sake karantawa. Zango biyu tana kiran wannan suna kowace safiya, ana amsawa daga wani wuri cikin taron, ba ta taɓa ɗaga kai ta ga mai amsawar ba.

"Shi na Izzuddin?"

"Ba ki san sunanai ba?"

Ta ninke takardar ta sa a jaka. "Bari in ga gidansu tukuna."

"Malama, mi za ki gani? Ubanai ya zo jiya, ya ba da haƙuri, ya ce duk abin da munka yanke daidai na."

"Ina dai son in gani."

Gidan yana can ƙarshen gari, inda hanya ke gangarawa fadama. Daga ƙofar ana hango shinkafar rani ta yi ja, ga ledoji da gwangwanaye a rataye jikin igiyoyi. Atiku, uban yaron, siririn mutum ne, laka ta bushe masa har gwiwa. Yana ganin filastar ya durƙusa a zaure.

"Malama, kin kunyata ni. Ni ya kamata in zo. Wallahi ban san inda yaron ga yag gado wanga hali ba."

Ya shimfiɗa mata tabarma, ya ƙwala kira. Yaron ya fito ba riga, yana tafiya a karkace. Bayansa ya yi ruɗu-ruɗu, wasu wuraren sun fashe, ƙudaje na bi. A ƙarƙashin sababbin tabban akwai tsofaffi, sirara, waɗanda ta gane ko na waye.

Atiku ya jawo guntun tiyon ban ruwa daga bayan ƙofa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Na yi nawa jiya. Ga shi, ki duke shi har ki gaji."

"Na riga na gaji, Malam Atiku. Aje."

Ya ajiye, yana kallonta kamar wanda aka ƙi karɓar kyautarsa. Yaron bai yi kuka ba, bai kuma dube ta ba. Bangon zauren yake kallo.

"Mi ya sa yake barci a aji kullum?"

"To, Malama, jan-baki na. Tsuntsayen ga in sunka sauka gona, kahin ka sha ruwa sun gama da ita. Yayyenai biyu sun tahi Legas, ni ina wurin injin ban ruwa. Shi ka hita tun kahin kiran assalatu, da majajjawa da duwatsu cikin aljihu. In rana ta ɗaga sai ya wuce makaranta. In anka tashi ya koma sai magariba."

"Yana karyawa?"

"In uwatai ta dama kunu da wuri."

"Tun yaushe?"

"Tun da shinkafa taf fara ɗaukar ido. Bara ma haka." Ya ɗan yi murmushi duk da halin da ake ciki. "Yana da hannu, Malama. Ba shi kuskure."

Sai ya tuna da wa yake magana, ya sunkuyar da kai.

Daga fadama iska na kawo muryoyin yara, nesa da kusa, "Haa! Haa!" da ƙarar gwangwanaye. Ta saurara sosai. Muryoyin sun fi goma, kuma duk ƙanana ne.

"Hedimasta ya ce kora za a yi," in ji ta.

"Ai ya yi daidai. Dama saura mako ukku a yi yankan shinkafa, ina ta tunanin yadda za ni hidda shi ba tare da an ce na hana ɗa boko ba. Kin ga Allah ya kawo sauƙi."

Ta dubi mutumin. Babu mugunta a fuskarsa, gajiya ce kawai irin wadda take gani a madubi. Girarta ta ɗauki zogi. Ta dafa bango ta miƙe a hankali.

"Ba ni sa hannu. Litinin ya zo makaranta."

"Shi da yah hwasa miki kai?"

"Litinin, ƙarfe takwas. Kuma kada a ƙara taɓa bayan ga, a sa mishi magani."

"To tsuntsayen hwa, Malama?"

Ta zura takalmanta. Yaron na tsaye daf da ƙofa, dole ta bi ta gabansa.

"Izzuddin," ta ce.

Ya ɗago kai. Ta miƙa hannu za ta dafa kansa, sai ya yi wuf ya kare fuska da damtse. Ita kuwa ganin hannunsa ya tashi, ta ja da baya da sauri har kafaɗarta ta bugi ƙyauren, tafin hannunta a kan ido.

Suka tsaya haka, kowa na leƙen ɗan uwansa ta ƙarƙashin hannu. Shi ya fara sauke nasa.

"Benci na gaba za ka zamna," ta ce. "Inda nike ganinka."

Ta fita. Sai da ta kai bakin titi ta samu kututture ta zauna na ɗan lokaci kafin ta tsayar da mashin.