Zaburar Motar Alhaji Umaru

Ni dai a sana'ata ta kanikanci babu aikin da na tsana irin na dangi, dangin ma surukai. Baƙo in ka gaya masa gaskiya ya ji haushi, zai ɗauki motarsa ya ƙara gaba, shi ke nan. Suruki kuwa yana nan daram, gobe ma kai ne za ka durƙusa ka gaishe shi. Shi ya sa da matata Mubaraka ta ce mahaifinta yana nemana a Gwandu kan maganar mota, sai da gabana ya faɗi.

"Ba motar ce kaɗai ba," in ji ta. "Ya rantse in ta tabbata Habibu ne ya lalata ta, sai ya bar masa gida."

Habibu ɗan ƙanen surukin nawa Alhaji Umaru ne. Tun rasuwar ubansa yake gidan, nan ya girma, nan aka yi masa aure, ga matarsa da ɗanyen jego. Shi ke jan akori-kurar Alhaji, ya kai dusa ruga, ya kai gero da albasa kasuwa. In aka karɓe makulli aka ce ya fita, ba shi da inda zai nufa sai wurin dangin uwarsa a Wurogauri, su ɗin ma da ƙyar suke riƙe kansu.

Da hantsi na isa. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, ido a ƙasa. A wajenmu suruki ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci gabansa, ba a kama sunansa, balle a ce masa ya yi kuskure. Alhaji kuma ba kowane suruki ba ne. Tsohon direban roka ne, ya yi shekaru yana kai shanu kudu, har yau tsofaffin tasha in sun gan shi miƙewa suke yi. Ciwon gwiwa ne ya raba shi da kuloci, 'ya'yansa suka saya masa wannan mai canja giya da kanta. Bai taɓa ganin girmanta ba. Motar malalata yake ce mata.

"Muzzammilu," ya ce, "tashi ka ji abin da wanga yaro ya mayar mini da mota."

Habibu ya shiga ya tayar. Ya taka birki, ya jawo sandar giya zuwa ta gaba. Motar ta yi shiru kamar ba ta ji ba, can sai ta yi wata irin zabura, gum, har ƙofar baya ta kaɗa. Ya mayar ribas, nan ma haka.

"Ka ji ko? Tuƙin ganganci ne. Halan kabu-kabu yaka yi da ita kasuwar Diggi ban sani ba. Ni na san mota tun ubanshi bai yi aure ba."

Na ce a yi haƙuri, ba zan iya yanke hukunci a ƙofar gida ba, sai an kai ta garejina a Kalgo inda nake da rami da kayan aiki, kuma man irin wannan giya sai ya yi zafi ake auna shi. A raina so nake in keɓe da motar da Habibu. Ina, Alhaji ya ce ƙafata ƙafarsa. Bai tsaya nan ba, ya aika aka kira amininsa Malam Hassan, wanda suka yi zamanin roka tare, wai ya zama shaida. Malam Hassan kuwa bakinsa ba ya da linzami.

Ban taɓa jin nisan hanyar nan irin na ranar ba. Duk lokacin da motar za ta canja giya sai ta ja numfashi, ta buga, kawunanmu su yi gaba. Duk bugu ɗaya, Alhaji ya yi tsaki ɗaya. Ina zaune a baya ina kallon ƙeyar Habibu, gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Ni kuma addu'a nake yi Allah ya sa wani abu ne da ba ruwan kowa, wata waya ta tsinke ko wata roba ta mutu don kanta.

Da muka isa aka ba tsofaffin benci a inuwar dogon yaro. Kafin ka ce me, masu shayi da 'yan acaba na bakin titi sun matso, don mutanenmu in sun ji ƙamshin rigima ba sa bari ta wuce su. Alhaji ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ka duba da kyau, ka faɗi gaban kowa. In hannun direba ne, yau ya kwana Wurogauri."

Na fara da abubuwan da nake fata. Na duba robobin da ke riƙe inji da giyabos, don in sun tsage mota takan yi irin wannan bugu. Lafiyarsu lau. Na girgiza farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, na duba kuros ɗin da ke mahaɗarta, babu wasa ko kaɗan. Na saurari silo, wato aikin inji ba a taka totur ba, bai hau sama ba. Na jona na'urar gwaji, ba ta nuna wata waya ko wani abin lantarki da ya mutu ba. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa don Habibu ya tsira, sai in tarar da ita a rufe.

Saura mai. Inji na aiki, na zaro gejin auna man giya na goge, na mayar, na sake zarowa. Man ya haura alama, kuma maimakon ja garau kamar zoɓo, ya yi duhu. Man giya in ya yi duhu, yawanci fayafayan kuloci na ciki ne suka ƙone, su kuwa ba abin da ke ƙona su irin lodi fiye da kima da fizgar mota a yashi. Wato hannun direba.

"Mi ka gani?" in ji Alhaji.

"Tukuna dai, Baba. Sai na buɗe ƙasa."

Na sa aka hau da ita kan rami, na ce Habibu ya sauko ya riƙe mini fitila. Na tara kwano, na sassauta kusoshin farantin ƙasa. Man ya fara zuba, amma ba irin zubar da na sani ba. Jan mai tsiyaya yake yi shar kamar ruwa. Wannan kuwa ja yake yi, yana naɗewa a kwano kamar zuma. Na sauke farantin na duba maganaɗisun da ke ciki, babu garin ƙarfe, babu baƙar dusar kuloci sai 'yar kaɗan ta yau da gobe. Babu abin da ya ƙone. Sai warin ya daki hancina, wari mai nauyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wanda duk wanda ya taɓa kwanciya ƙarƙashin babbar mota ya san shi. Man giyar roka ne, mai kaurin nan. Giyabos mai canja giya da kansa kuwa da ƙarfin mai yake aiki, ta wasu hanyoyi sirara kamar tsinke. In ka ɗura masa mai kauri, sai man ya makara, ya taru, sannan ya banka gaba ɗaya. Zaburar ke nan.

Raina ya ɓaci. Na juya ga Habibu, na yi ƙasa da murya.

"Kai, wane maras hankali ne ya zuba mata wannan?"

Habibu ya dubi ƙafafun tsofaffin da ke kan benci ta ƙarƙashin motar, ya sunkuyar da kai. Ashe ni ne maras hankalin, da na yi tambayar.

"Baffa ne ya ga ɗigon ja a ƙasa," Habibu ya raɗa mini. "Ya zaro geji, ya ce man ya tsinke ya zama ruwa, ba mota da za ta rayu da shi. Ya ɗauko tsohon galan ɗinshi a ɗakin ajiya. Na ce Baffa ba irin nata ba ne. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"To me ya hana ka tuna masa?"

"In tuna mishi mi? Shi bai ma kawo abin a ranshi ba, gani yake gyara ya yi." Ya kama hannun rigata. "Don Allah, Yaya Muzzammilu, kada ka faɗa. Ga Malam Hassan, ga jama'a. Sanin motar nan shi kaɗai ya rage mishi na alfahari. Ka ce ni ne. Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba."

"Matarka fa? Jaririyar fa?"

"Allah na nan."

Wallahi na ji kamar in kwaɗa masa sifana. Na kuma ji tausayinsa har idona ya yi zafi. Ga ni a rami, gaba kura baya siyaki. In na ce Habibu ne, na yi ƙarya na raba maraya da gidansu. In na ce Alhaji ne, na tsinka surukina a bainar jama'a, abin da ko mahaukaci ba ya yi a garinmu, kuma Mubaraka ce za ta sha kunyar har ƙarshen rayuwarta.

"Kun kwana a ramin ne?" Malam Hassan ya ƙwala mana kira.

Na ɗauki kwanon na fito. Na zo gaban Alhaji na durƙusa, na ajiye shi kusa da ƙafarsa.

"Baba, kuloci bai ƙone ba, ƙarfe bai ci ƙarfe ba. Matsalar a man nan take. Ku ne tsofaffin hannu, kun fi ni sanin mai. A taimaka a duba mana wane iri ne."

Ya dube ni da mamaki, amma na ga abin ya yi masa daɗi. Ya naɗe hannun babbar riga, ya tsoma yatsa, ya murza, ya kai hanci. Na ga lokacin da ya gane. Yatsan ya tsaya a gaban hancinsa bai sauko ba.

"Wanga shi ka sa ta zabura?" ya tambaya a hankali.

"Shi ne, Baba."

"Ba tuƙi ba?"

"Ba tuƙi ba."

Da Allah ya sa an tsaya nan, da kowa ya tsira da mutuncinsa. Amma Malam Hassan ya riga ya miƙo wuya ya sansana.

"Af, ai man roka ne," ya ce da ƙarfi. "Wane jahilin ne zai ɗura man roka a motar zamani? Ko karen mota ba ya wannan aika-aika. Umaru, sai ka binciko shi."

Na ƙura wa ƙasa ido. Sai na ji muryar Habibu daga bakin rami.

"Ni ne. Ni na zuba."

'Yan kallo suka fara gunaguni. Malam Hassan ya tafa hannu ya ce to ai magana ta ƙare. Alhaji bai motsa ba. Rantsuwarsa na nan, shaidunsa na nan, ga wanda ya amsa laifi da bakinsa. Abin da ya rage kawai ya miƙa hannu a ba shi makulli, kuma babu mai zarginsa.

"Rufe mini baki," ya ce wa Habibu. Ya goge yatsansa a jikin benci, ya daɗe yana gogewa. "Hassan, jahilin da kake nema ga shi zaune kusa da kai. Ni na zuba, da hannuna. Yaron ga ya hana ni, na zage shi."

Masu shayi suka tuna da shayinsu, 'yan acaba suka tuna da babura, wurin ya watse a hankali.

Ni dai na koma rami, don can ya fi mini sauƙi. Na cire matatar mai na sa sabuwa, na sauke allon bawul na wanke hanyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, na canja robar farantin da ke ɗigo tun farko. Na zuba jan mai, na tayar, na juye, na sake zubawa, har sai da ya riƙa fitowa garau. Muna gamawa ana kiran la'asar. Bayan salla na ce Habibu ya gwada. Ya taka birki, ya jawo sanda. Motar ta karɓa a hankali, ko kofin ruwa aka ɗora a kanta ba zai zube ba.

Alhaji ya taso da sandarsa ya tsaya jikin tagar direba. Duk yinin nan bai ci komai ba. Ina tsaye kusa ina goge hannu, ban iya matsawa ba.

"Habibu," ya ce, "da Muzzammilu bai kawo kwanon ga ba, da sai ka bar ni in kore ka?"

Habibu ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Da ka kwashi matarka da ɗiyarka ka tahi, ba ka faɗa ba?"

"Da na tahi, Baffa."

Tsohon ya ɗaga hannun babbar rigarsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka shiga rawa, a bakin titi, ido na ganin ido. Na juya baya da sauri na shige cikin gareji, don bai kamata suruki ya ga wannan ba.