Gurbin Yatsun Yaya Mamuda

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma ba sai na nemi mai fassara ba, na san abin da ya jawo mini shi. Da la'asar na ɗauki jitar Yaya Mamuda, irin mai aiki da lantarkin nan, na kai wa Garzali mai fentin mota a garejinsa da ke bayan tasha. Ya juya ta gaba da baya, ya sa farce a wata tsaga, ɓawon jan fenti ya ɓalle ya faɗi ƙasa. Ya ce in bar masa ita, gobe ƙarfe takwas zai sa mata sanfefa ya kankare ta daga sama har ƙasa, in ya fesa mata sabon fenti ni kaina ba zan gane ta ba. Na yi masa godiya. Sai da na iso gida maganar ta fara damuna.

Yaya Mamuda wana ne, shekara goma sha tara ke nan da rasuwarsa. Ya yi kiɗa a otal-otal na Jos tun ina firamare, bai kuma taɓa koya mini komai ba, in na kai hannu kan jitar ma sai ya make ni. Bayan ya rasu ne na lura a wuyanta akwai wuraren da fenti ya goge, gurbi-gurbi, inda yatsunsa suka yi shekaru suna sauka. Na riƙa ɗora nawa yatsun a guraben nan har sauti ya fara fitowa. Da haka na koyi waƙoƙinsa uku, waɗanda ba wanda ya taɓa ɗauka a kaset. Sai dai fentin jikinta ya tsattsage kamar kududdufin da ya ƙafe, damina kuma ta sa katakon ya fara kumbura. Matata Uwani ta ce in ban rufe ta ba, nan da shekara biyu sai dai a hura wuta da ita. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushinta.

A mafarkin rana ce tsaka, ina sauri zuwa gareji in ce wa Garzali ya dakata. Garin namu ne, amma an yi masa fenti gaba ɗaya, ja mai sheƙi. Titi ja, bishiyar mangwaro ja, kaji ma an fesa musu suna tsaye da ƙafa ɗaya suna jiran su bushe. Mutane sun cire inuwoyinsu sun shanya a igiya don kada fenti ya ɓata su. Ban yi mamakin wannan ba, na ga dai hankali ne, har na ji kunyar tawa da ke biye da ni tana jan ƙasa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne kowa yana yawo da mukulli a hannu yana neman gidansa. Wani dattijo ya tare ni ya tambaya ko na ga wani gida mai tsaga a gefen ƙofa, wadda ta yi kwana kamar lauje. Ya ce shekara arba'in da ita yake gane gidansa, yau kwanansa uku yana cin tuwo a gidajen mutane, matan gidajen kuma ba sa cewa komai domin su ma ba su tabbata gidajensu ba ne. Na ce ban gani ba. Ya yi mini addu'a ya wuce, ya gwada mukullinsa a jikin wata akuya.

Sai ga ni a zaune kan benci a wani ofishi. A saman ƙofa an rubuta Ofishin Kula da Tsaga. Ma'aikatan duk ƙadangaru ne, kowane da teburinsa da fankarsa. Babbansu jan gwada ne mai tabarau, yana shan shayi a murfin kwalba. Na gaishe shi da ladabi, don na saba da ofis, na san wanda ya fi ƙanƙanta shi ya fi iya ɓata wa mutum rana.

"Tsagar da ka zo a kanta, ta gado ce ko ta haya?"

Na ce ta gado ce, ranka ya daɗe. Ya rubuta da jelarsa. Na kwashe labari duka na ba shi, har da kumburin katako da maganar Uwani, sannan na tambaye shi ko yana ganin a yi fentin. Ya gyaɗa kai sau uku. Na ji sanyi a raina, na miƙe zan tafi, amma wani abu ya sa na juyo na ce, ko kuwa a bar ta yadda take? Ya gyaɗa kai sau uku. Na dubi sauran ma'aikatan, duk suna gyaɗa kai, har da wanda ke barci. Raina ya ɓaci. Na ce na bar aikina na zo neman shawara, ba kallon motsa jiki ba. Ya ce ƙorafi ranar Talata ake karɓa, an kuma yi wa Talata fenti, ba a san inda take ba.

Na ɗaga kai in duba lokaci. Agogon bangon lambobinsa duka takwas ne, sha biyunsu, kuma hannun yana tafiya.

Daga nan na tsinci kaina a layi a bakin garejin Garzali. Ba motoci ba ne a layin, tsofaffi ne. Ana ɗaga mutum a kan jak, Garzali ya bi fuskarsa da sanfefa, ya cike ramukan da farin ƙullun nan da suke shafa wa motar da ta yi karo, ya fesa fenti, a gangaro da shi gefe ya bushe. Waɗanda aka gama suna ta sheƙi, 'ya'yansu na zagayawa cikinsu suna kiran suna, duk wanda ya amsa sai a tafi da shi.

A gefe guda, ƙarƙashin wata bishiya, ga wani tsoho da ya ƙi yarda a taɓa shi. Ruwan sama yana sauka a kansa shi kaɗai, ba ya taɓa kowa. Ruwan yana shiga ta tsagogin fuskarsa, ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Ya ɗaga hannu ya gaishe ni da alfahari, hannun ya gutsure ya faɗi. Ya ce ba komai, aƙalla nasa ne na asali. Na amsa gaisuwar, na ga ko ta ina na juya akwai hasara.

Wata mata ta taɓa kafaɗata. Fuskarta sumul, ina ganin kaina a kumatunta. Na ce baiwar Allah lafiya? Ta ce ita ce Uwani. Muryar tata ce, amma layin nan da ke fitowa tsakanin girarta in za ta yi mini faɗa babu shi, tabon wuƙa na babban yatsanta ma babu. Shekara ashirin da biyu da wannan layi nake sanin ko in yi magana ko in fita shan iska.

"Fushi kike yi ko murna?"

"Ban sani ba, Sabi'u. Amma yanzu ruwa ba ya shiga ta."

Ta miƙo mini jitar, ta ce layina ya zo. Na karɓa. Tsagogin sun ƙara faɗi. Na sunkuya in leƙa babbar, wadda ta taso daga wurin da ake soka waya, sai ƙafata ta zame na faɗa ciki.

Ashe lungu ne. Bangayensa katako, suna warin gumi da tsohuwar taba. Na bi shi, yana rarrabuwa hagu da dama, wasu mutane sun kafa shaguna a ƙananan tsagogin, har da mai gyaran rediyo. A ƙarshen lungun akwai ɗan dandamali da sifika guda, ga Yaya Mamuda zaune a kanta da wandonsa mai faɗin ƙafa, yana shan rake. Bai tsufa ba. Na girme shi da shekara goma sha ɗaya yanzu, amma ina ganinsa na ɓoye hannuwana a baya.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi gida, ya tambaya ko har yanzu ina tsoron karnuka. Na ce Yaya ba lokaci, ƙarfe takwas za a kankare jitarka, na zo in ji ta bakinka. Na ce ni a ganina tsagogin nan tarihi ne, kowace da labarinta. Ya tofar da ɓawon rake ya yi dariya har da tari. Ya ce wane tarihi, mantawa ya yi da ita a kan rufin mota daga Jos har Bauchi a tsakiyar bazara, rana ta gasa ta. Ya ce shi ma ya so ya yi mata fenti, kore ma kuwa, lalaci ne ya hana shi. Na ji kamar an zare mini tabarma ina zaune.

Na ce to guraben yatsunka fa, da su na koyi waƙoƙinka. Ya daina taunawa.

"Kaɗa in ji."

Sai ga jitar a hannuna, duk da a cikinta muke, na kaɗa waƙa ta farko. Na kaɗa ta biyu da ta uku. Ya saurara idonsa a rufe, ƙafarsa tana ɗan motsi. Da na gama ya buɗe ido.

"Da daɗi. Na waye?"

Na ce naka ne mana, Yaya. Ya girgiza kai. Ya ce gurbi yana nuna inda yatsa ya sauka, ba ya nuna wanda ya riga wani, ko tsawon zaman da ya yi. Ya ce shi bai taɓa jin waɗannan waƙoƙi ba, nasa sun fi sauri kuma ba su da wannan baƙin cikin. Shekara goma sha tara ina gaya wa mutane waƙoƙin marigayi ne, wasu har hawaye suke yi. Kunya ta rufe ni, bayanta kuma wani tsoro ya biyo, domin in waƙoƙin ba nasa ba ne, ban san abin da ya rage mini nasa ba.

Ya karɓi jitar ya duba wuyanta. Ya ɗora yatsunsa a guraben, suka zauna daidai. Sai ya nuna wani ƙaramin gurbi can ƙasa, ya ce wannan ba nasa ba ne, shi bai taɓa sauka nan ba, wane mai ƙarfin halin ne? Na ce ni ne. Na runtse ido ina jiran ya make mini hannu. Bai make ba. Ya kamo yatsuna ya ɗora su a kan nasa, ɗaya bisa ɗaya, abin da bai taɓa yi ba yana da rai.

A nan ne ƙarar ta fara. Daga sama take zuwa, ƙurr, ƙurr, tana tafiya tana dawowa. Jar ƙura ta soma zubo mana. Mai gyaran rediyo ya rufe shagonsa ya ɗauki inuwarsa ya gudu. Na ɗaga kai na ga sararin sama ya zama sanfefa, bayansa ga tafin hannun Garzali, yana aiki a natse yana fito. Na yi masa kira ya tsaya, muryata ta fito kamar ta sauro. Bangayen lungun suka fara gajarta.

Na juyo ga Yaya Mamuda. Yatsunsa ne suka fara gogewa a ƙarƙashin nawa, ƙaramin ya tafi, na kusa da shi ya bi. Shi ko a jikinsa, yana neman inda ya ajiye rakensa. Na ce Yaya don girman Allah ka faɗa mini, a yi ko a bari? Ya dube ni da tausayi, ya gyara zama irin na wanda zai yi magana mai muhimmanci.

"Abin da za ka yi, Sabi'u, shi ne ka..."

Sanfefa ta bi ta kan bakinsa. Wurin ya yi sumul.

Ƙurr, ƙurr. Na buɗe ido. Gari ya waye, ƙarar kuma ba ta tsaya ba. Uwani ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunyar tuwo da cokali. Na ji hannuna na dama yana zafi, da na duba sai na ga hannun hagu ne ya damƙe shi, yatsu huɗu sun lotsa fatar, kowane a inda ya kamata ya sauka a farkon waƙa ta biyu, ba jita, ba gurbi. Ashe sun san hanya da kansu. Da waƙa ce nake jin tsoron rasawa, da sai in juya in ci gaba da barcina. Amma wuyan jitar nan shi ne kaɗai wurin da hannuna ya taɓa haɗuwa da na Yaya Mamuda ba da duka ba.

Na fito da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Uwani ta ɗago, layin nan ya fito tsakanin girarta, ban taɓa jin daɗin ganinsa kamar yau ba. Ta tambaya ina za ni ba wanka ba shayi. Na ce gareji. Ta ce in na je me zan ce masa, kuma kumburin katakon fa? Na ce zan sani a hanya. Na kira wayar Garzali, a kashe. Agogo ya nuna takwas saura kwata, garejin tafiyar minti ashirin ne, Garzali kuma mutum ne mai cika alkawari.