Waɗanda Ba Su Samu Shiga Ba

Wata goma sha ɗaya Auta ta yi tana haɗa wata manhajar kwamfuta. A ofishin tsara sufuri na birni Injiniya ake ce mata, kuma teburinta na jikin injin kwafi, inda kowa ke ajiye kofin shayinsa ya manta. Aikin manhajar ba shi da wuyar faɗa. Duk fasinjan da ya manna katinsa a ƙofar bas sai ta rubuta, ta tara na wata guda, ta zana taswira. Layin da ke da mutane ya fito ja, wanda ba kowa ya fito ruwan toka. Ran da ta nuna wa kwamiti har tafi aka yi mata.

Layi shida ne suka fito ruwan toka, kwamiti ya ce a rufe su. Cikinsu har da na sha huɗu, wanda ke tasowa daga bayan kamfanin siminti, ya bi ta asibitin ƙashi, ya ƙare a babbar tasha. Yayanta ne direban layin, shekara tara ke nan.

Ranar hutu ta same shi a gidan mahaifiyarsu, kwance ƙarƙashin wurin wanke kwanuka yana fama da famfo. Bai ko fito da kai ba ya ce, "An ce kwamfutarki ta ce motata ba kowa."

"Ba haka ta ce ba, Yaya. Ta ce mutum ɗari uku ne a rana."

"To nawa kike so in ɗauka? A da mota uku ce a layin, biyu suka kwanta, ba a tashe su ba. Sawu biyar nake yi. Tun tasha ta biyu nake cika maƙil, sauran kuwa wucewa nake ina ɗaga musu hannu kamar mai neman ƙuri'a."

Inna ta yi dariya daga bakin ƙofa. Auta kuwa sai a lokacin ta lura. Manhajarta waɗanda suka shiga kawai take gani.

Mako biyu ta yi tana sammako zuwa tashar asibiti da ɗan littafi, kafin ta wuce ofis. Ta ƙirga masu jira, ta ƙirga waɗanda suka gaji suka tafi. Wata mata mai sanda biyu ta zauna kan dakali awa ɗaya da rabi, bas ya zo ya wuce a cike, ta bi shi da kallo kawai. Mai gadin asibitin ya leƙa littafin ya ce, "Ai waɗannan baƙi ne, 'yata. Mu da muka san layin mun daina tsayawa tuntuni. Ƙafa muke bi." Ta rasa inda za ta rubuta wannan.

Ta koma kan kwamfuta. Kowane bas na da na'urar da ke nuna inda yake, don haka ta koya wa manhajar lura da duk tashar da mota ta wuce a cike ba ta tsaya ba. Da ta sake zana taswirar, layi na sha huɗu ya yi jawur. Rabin gari ma haka.

Ta kai wa daraktan ofishinsu, mutum ne mai haƙuri, saura shekara ɗaya ya yi ritaya. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallon allon.

"Kin yi aiki, Injiniya. Bas nawa wannan ke nema?"

"Saba'in, ranka ya daɗe. Aƙalla."

"Takwas gare ni a gareji, kuma ba mai inji a ciki." Ya mayar da tabarau. "An riga an sa hannu a wancan rahoton na rufe layukan. In na kai musu wannan, ba bas za su ba ni ba. Cewa za su yi manhajar ta lalace, su kawo wani ya gyara ta."

"To a bar na sha huɗu kaɗai."

"In bar shi da wace hujja? Da littafinki?"

Ta ce e, da littafinta. Ya ce ta ajiye masa, zai duba. Bayan kwana goma ta gan shi a inda ta ajiye, an ɗora masa fayiloli.

Ranar ɗaya ga wata aka rufe layin. Motar aka mayar tsakiyar gari, inda direbobi suka riga suka yi yawa. Yaya aka ce ya riƙa zuwa gareji kullum yana sa hannu, ko wani direba zai yi fashin aiki. Ita kuma aka sanar da ita cewa garuruwa biyu sun nemi manhajar, za ta je ta koya wa ma'aikatansu. Ta tambaya wacce za ta kai, ta farko ko wadda ta gyara, aka ce wadda kwamiti ya amince da ita.

Tana haɗa jaka Yaya ya kira. Ya tambayi lafiyarta, ya tambayi ƙarfe nawa za ta tashi. Sannan ya kawo abin da ya sa ya kira.

"Auta, cikin mutanenki na ofis ba wanda ke neman direba? Ko na gida ne."

"Zan tambaya, Yaya."

"Ba gaggawa," ya ce.

Ta zauna a bakin gado ta bi sunayen da ke wayarta ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ba ta samu wanda za ta kira ba.