Sauran Kwana Ukun Wada

Alhaji Rafi'u, mai sayar da shadda a babbar kasuwar Wagadugu, ya daɗe yana faɗa wa duk wanda ya zauna a shagonsa cewa kakansa Wada ne ya ɗinka wa wani naba, wato basaraken ƙasar, sirdin da aka yi ta zancensa har Kano. Babu wanda ya taɓa neman shaida, sai da 'yarsa Zakiyya ta dawo daga jami'a da aikin rubuta tarihin gidansu. Ta ce malaminsu ba ya karɓar "an ce", takarda yake so.

Aka shaida masa littafin dukawan Zango yana hannun Iyatu, 'yar marigayi Kabo, sarkin dukawa na ƙarshe. Lokacin da aka rushe tsohuwar unguwar Zango, gado da tukwane ta bari, ta fito da akwatin ƙarfen babanta a ka. A littafin nan ake rubuta duk wanda aka kawo koyon aikin fata, da ajami: sunansa, sunan ubansa, garinsu, ranar da ya shiga da ranar da aka yaye shi.

Ranar Laraba da hantsi ya hau babur da ƙullin goro, ya same ta a unguwar Sisin tana tsinke zogale. Shekarunta sun doshi casa'in, amma ido garau.

"Yau mijina ya tuna da ni," in ji ta, don wasan jika take yi da shi tun yana rarrafe.

Da ta ji abin da ya kawo shi, ta ɗauko littafin, ta buɗe a cinyarta, ta nuna masa layi da ɗan yatsa. Ya karanta da kansa: Wada ɗan Ɗan'azumi, mutumin Kura, ya shiga hannun Kabo a watan Rajab bisa alkawarin shekara bakwai. A can ƙasan shafin, da wata tawada daban, an rubuta: ya gudu, saura kwana uku a yaye shi.

Rafi'u ya sake bin layin da ido. Ya kai hannu zai juya shafin, ta danne. Ta ce al'adar dukawa ce, wanda ya bar kwanaki bai cika ba, magajinsa ke cikawa, kuma kafin nan ba a nuna wa zuriyarsa ko harafi ɗaya na gaba. Ya ce zai turo ma'aikatan shagonsa su yi mata mako guda. Ta ce ta duba da kyau, littafin bai ambaci ma'aikata ba.

Washegari Alhaji ya rataye babbar rigarsa a igiyar shanya. Ya share tsakar gida, ya ɗebo ruwa a famfo jarka shida, ya daka bagaruwar jima, ya murza fatar akuya har tafin hannunsa ya yi ja. A rana ta biyu ta sa shi gyaran akurkin kaji. Ya tambayi abin da ya haɗa kaji da dukanci, ta ce ɗan koyo ba ya tambaya.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Muhammad Bashir, direban babbar mota, ɗan asalin Maraɗi, maƙwabcin Iyatu kuma abokinsa tun makarantar allo. Ya jingina da ƙofa yana ɗaukarsa a waya, yana kiransa apiranti, wato ɗan koyo. Kafin azahar rabin 'yan kasuwa sun ga Alhaji yana bin zakara da gudu.

A rana ta uku bayan la'asar, Zakiyya ta zo ɗaukar hoton shafukan. Iyatu ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta juya shafin. Layin farko ya ce: Wada ya dawo bayan sallar layya, ya cika kwana ukunsa, ya ƙara bakwai don kunya, an yaye shi, an ba shi wuƙa da basilla.

Rafi'u ya karanta sau biyu. Ya kalli hannuwansa, ya kalle ta.

"Iya, da ma kin san da wannan?"

"Ni na ba shi ruwan sha ranar da ya dawo," in ji ta. "To wa kake so ya gyara mini akurki?"

Zakiyya ta toshe baki da mayafi. Da ta samu numfashi ta tambayi zancen sirdin naba. Iyatu ta ce Wada gwani ne a takalmi da jakar Alƙur'ani, wannan kam ba a ja masa. Amma sirdi, abin da ta sani shi ne ya taɓa ɗinke akumarin jakin da ke kai itace gidan wani naba a unguwar Kuluba, kuma jakin bai yi ƙorafi ba.

Alhaji ya yi niyyar fushi, sai dai bai samu inda zai kama ba. Ya zauna kan turmi yana dariya har da hawaye. Ko ba komai, yanzu ya san sunan uban kakansa da garinsu, abin da ko mahaifinsa bai taɓa gaya masa ba.

Zakiyya na cikin juya shafuka ta tsaya a wani suna, ta miƙa wa babanta. Kakan Muhammad Bashir ne. An rubuta ya tafi Maraɗi ganin gida saura wata biyu a yaye shi, bai dawo ba. Rafi'u ya bi sauran shafukan har bango, ya sake bi. Da gaske bai dawo ba.

Iyatu ta ɗaga kai ta dubi kwanon ɗakinta, ta ce damina ta kusa, ga shi yana yoyo wuri huɗu.

Rafi'u da kansa ya kai saƙon ranar Juma'a, a ƙofar masallaci, gaban dattawa. Muhammad Bashir ya rantse, ya yi gardama, ya ce a nuna masa. Aka nuna masa. Dattawa suka sasanta, aka mayar da wata biyu kwana goma. Asabar da sassafe yana kan rufin Iyatu da guduma, Alhaji yana ƙasa cikin sabuwar shadda, ya riƙe masa tsani.